Waƙar da Aka Hana Nura

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Gyaɗi-Gyaɗi da sauƙi, sai dai ɗanka Nura.

Ranar Laraba wani mai adaidaita sahu ya tsinto shi a wani kango a Tarauni, bakinsa na kumfa, da kwalbar maganin tari a aljihu. Yana asibiti, ko Inna bai gane ba.

Yaya, tun da ka aiko a hana shi zuwa situdiyo, wai gidan malamai ba ya fitar da maroƙi, ya koma majalisar 'yan jagaliya. Su ba su tambayi asalinsa ba, ƙwaya suka miƙa masa. Lokacin da yake waƙa, a gida yake cin tuwo.

Jiya na tarar da ƙaninsa Sadiƙu yana rera baitocin Nura a soro. Yana ganina ya yi tsit kamar an kama shi da sata. Na ce ya ci gaba. In faɗa za ka yi, yi da ni.

Ku sa Nura a addu'a. Inna na gaishe ku. Ka gaya wa Anti Rabi a hankali.

Ƙanwarka,
Hadiza