Fuskar Baba a Kan Allon Shago

Ogbomoso

Zuwa ga yayana Boda Akinlabi,

Ina gaishe ka da girmamawa, gwiwoyina a ƙasa. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Folahan da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a kasuwarka, ya tsare ku a Abijan. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mami ta yi sauƙi har tana zuwa coci da kanta, sai dai idon ne kullum yana ƙara ja baya. Na ba direban motar Abijan wannan wasiƙa ne don maganar da ke cikinta ba zan iya faɗa maka ita a waya ba.

Ka san ƙanenmu Ladejo ya sake buɗe shagon hoton marigayi Baba da ke unguwar Takie. Da ya gama fenti sai ya zo ya same ni, ya ce tunda ni ce na ƙone kuɗin gida a Ibadan ina koyon zane, to lokacin amfanina ya zo, in yi masa tambari. Na ce masa ya bar min komai. Na zaɓi shuɗin baba da ruwan ƙwai, na zana harufan sunan da hannuna, sannan na ɗauko hoton nan ɗaya tilo da muke da shi na Baba yana aiki, wanda kyamara ta rufe masa rabin fuska. Daga shi na fitar da fuskarsa da 'yan layuka kaɗan, da hularsa a karkace yadda yake sa ta. Boda, ya yi kyau, ba yabon kai ba. Sai dai na share zanen kumatunsa, wato tsagen gidanmu. Ladejo ya lura, ya tambaye ni, na ce masa idan aka ƙanƙanta tambarin a hatimi zanen zai zama kamar datti. Wannan gaskiya ce, amma ba ita ce dalilina ba. Tsoro na ji kada amaren yanzu su ga allo da mutum mai tsage su ce shagon 'yan ƙauye ne, su wuce gaba.

Haka aka buga shi a babban allo, da ambulan, da rigunan aiki, da hatimin da ake dannawa a bayan kowane hoto. Ranar buɗewa na sha gwaggwaro na tsaya a ƙofa ina karɓar yabo kamar ni na gina shagon. Ladejo ya shirya cewa hoton farko da za a ɗauka na Mami ne, a kan kujerar katakon nan ta Baba, daga nan ta sa wa wurin albarka. Aka sauko da ita daga mota cikin kayan saƙi na ashoke, aka yaye ƙyallen da ya rufe allon, mutane suka tafa. Mami ta daɗe tana kallo, hannunta a goshi. Can sai ta ce lallai mutumin nan kyakkyawa ne, ta tambayi Ladejo ɗan gidan waye. Jama'a suka kwashe da dariya, sun zaci barkwancinta ne. Ni na san ba wasa take yi ba.

Ladejo ya miƙa mata ambulan don ta duba kusa, ya ce ai Baba ne. Ta kai shi dab da idonta, ta sa yatsa tana shafa kumatun hoton a hankali, tana neman abin da babu. Ta ce hular dai tasa ce. Ta ce ita mutumin da ta aura ko a tsakiyar kasuwar wani gari ka gan shi ka san gidan da ya fito, ba sai ya buɗe baki ba, kuma duk amaren da ya ɗauka a garin nan ba wadda ta gudu don ta ga fuskarsa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ko kalle ni ba. Ta ce a mai da ita gida, idan mijinta ya dawo shagonsa a kira ta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kunya nake ji har yanzu da nake rubuta maka.

Shago dai yana aiki, amma Ladejo ya kife kujerar a lungu, ya ce ba wanda zai hau ta kafin Mami. Ni ma ya daina tsokanata da 'yar Ibadan, kuma wannan shirun nasa ya fi min zagi ciwo. Na ce zan sake komai, allo da hatimi da sauransu, ya ce to.

Ga abin da ya sa na rubuto. Da na zauna in mai da zanen, sai hannuna ya tsaya. Kuncin dama yana cikin hoton, na ga layukansa. Na hagu kuwa kyamara ta rufe. Na san akwai wanda ya gitta daga karan hanci, amma inda ya tsaya da yadda sauran suka kwanta, na rasa. Mutumin da ya goye ni, ya kai ni makaranta a kan babur, na runtse ido na kasa tuna rabin fuskarsa. Baba ya cika akwatuna da fuskokin mutanen gari, tasa ce kawai bai bar mana ba. Mami kuwa ba ni da idon da zan tambaye ta.

A cikinmu kai kaɗai aka yi wa zanen gidanmu, kuma Mami kan ce wanzaman gida ɗaya ne suka yi muku kai da Baba, shi uban ne ya yi masa yana jariri, kai kuma ɗan ya yi maka. Don Allah ka tsaya a inda haske yake, ka juyo da kuncinka na hagu, a ɗauke ka, ka turo min ta waya. Ka gaya wa mai ɗaukar kada ya gyara komai.

Ka gaishe min da Anti Folahan, da Iyabode da ƙaramin Oyewale mai sunan Baba. Ladejo yana gaisuwa. Mami ba ta san na rubuto ba.

Ƙanwarka,
Morenikeji