Alawar Apa a Filin Kokjal

Almaty, ranar Litinin

Zuwa ga Baban Nurtas,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya sanyin Atirau? Ina fata ciwon bayan nan ya yi sauƙi, kuma kana cin abinci mai ɗumi, ba shayi da burodi kawai ba. Mu nan lafiya ƙalau, har mahaifiyarka Apa, wadda ta kusa kashe mu jiya.

Kwantar da hankalinka, ƙungiyarmu Kokjal ba ta faɗi ba. Ka san da mun sha kashi a wasan nan, sai rukunin ƙasa, masu zauren kuma su mayar da shi filin ƙanƙara, tunda yanzu garin nan ba a zancen komai sai wasan hoki na kan ƙanƙara da dambe. Ƙungiyar ƙwallon kwandon da mahaifinka ya yi wa kyaftin, wadda a da ake kwana a layi don tikitinta! Sati guda ban yi barcin kirki ba.

Apa ta ce sai ta je. Ta ɗaura farin ɗankwalinta, ta cika jaka da alawa don shashu, al'adarmu ta watsa alawa ran murna, wai ba za a yi abin farin ciki ba tare da ta watsa wa jama'a zaƙi ba. Na zaunar da ita a ƙasan tsohuwar rigar wasan marigayi mahaifinka Ata da ke rataye a bango, tana ta gaya wa na kusa da ita cewa 'yan wasan yanzu duk tsawo ne ba ƙashi.

Ana dab da tashi abokan karawarmu suna gabanmu da maki ɗaya, sai ɗanmu Nurtas, da ke buga wa Kokjal, ya kutsa ya jefa ƙwallo ta shiga, muka wuce su da ɗaya. Zaure ya kaure. Apa ta ɗauka an gama, ta miƙe ta watsa alawa har tsakiyar fili, alhali da sauran lokaci a agogo. Alƙalin wasa ya busa, ya ba su jifa kyauta saboda alawar, ƙwallo kuma a hannunsu. Nurtas ya durƙusa yana tsintar alawa, ya kasa ɗago ido ya dube mu.

Ɗan wasansu ya jefa, ta bugi bakin kwando ta dawo. Jifansu na ƙarshe ma bai kai ko'ina ba. Na yi kuka har kwalli ya ɓata min fuska, ban ji kunyar kowa ba.

A bakin ƙofa tsofaffin magoya baya suka yi ta tsokanar Apa, wai a ba ta riga ta shiga tsaron baya. Ta ce musu tun ba a haifi alƙalin nan ba take watsa alawa a zauren, ba wani agogo da zai faɗa mata lokacin murna. Amma da muka shiga bas sai ta kama hannuna ta riƙe.

Ta ce, "Kelin, matar ɗana, da jifan nan ya shiga, da wane ido zan dubi Atanku in na je lahira?"

Don Allah in ka kira ta, kada ka yi mata faɗa. Nurtas na gaishe ka, maƙwabta ma haka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Gauhar