Ɗakin Da Na Goge

Sabo, Ibadan
Yuli, 1967

Zuwa ga Yaya Uwaisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Lailatu da yara. Yaya Gusau, yaya damina? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma ban da kai ba ni da wanda zan gaya wa.

Ka san ajin yamma da nake zuwa a Dugbe wurin Oga Ladejo injiniya, koyon zanen gini da na inji. Mutumin nan ba ya wasa. Abin da ido ke gani a ja masa layi mai kauri, abin da ya ɓuya a ja masa mai tsinke-tsinke, kuma kowane abu sai ka zana shi ta gaba, ta gefe, ta sama. Ya ce ƙarshen shekara zai ɗauki mutum ɗaya a ofishinsa, mai kwafe zane da tawada. Jarrabawar ita ce kowa ya auna gidan da yake kwana, ya zana shi kamar an ɗauke rufin. Yaya, aikin nan nake so. Na gaji da yayyafa wa goron Kawu ruwa.

Na auna gidanmu tun daga zaure har bayan gida. Ka tuna ɗan ɗakin bayan madafa inda muke ɓuya wa Inna Sakinatu? Yanzu an jibge huhunan goro a ƙofarsa, ban samu shiga ba, sai na ƙiyasta, na sa shi da layi mai tsinke-tsinke. Oga ya ga zanen fensir ɗin, ya ɗaga shi sama, ya ce wa 'yan sakandaren da ke kirana Gambari, wato Bahaushe, su zo su ga yadda ake nuna abin da ya ɓuya.

Na dawo da murna na nuna wa Kawu Ɗanmalam. Yaya, yaga shi ya yi. Ya cusa a murhu ina tsaye. Wai na yaye rufin gidansa na nuna wa ƙartin Dugbe makwancin iyalinsa. Layi ne fa a takarda! Ko ɗankwalin Inna ban zana ba. Mutumin da duba-gari ke shiga gidansa har bakin randa, yau shi ne mai kishin fensir. Amma ka san ni, zan sake, ko da zai kore ni.

Ka gaishe da kowa.
Ƙaninka, Shu'aibu


Sabo, Ibadan
Agusta, 1967

Yaya Uwaisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin ƙaramin? Wannan takardar ta hannun Haladu direba na ba da, ba ta gidan waya ba. In ka karanta ka ƙone ta.

Tun da aka ce sojojin Gabas sun matso, garin ya rikice. 'Yan sintiri na bin gida-gida neman Ibo, a Sabo ma kowa na kallon bakin maƙwabcinsa. Ni dai zanena ne a gabana. Na lura Inna na zuba kwano ɗaya fiye da mutanen gida, kuma huhunan nan kullum suna nan, alhali Kawu bai taɓa barin goro ya daɗe a ɗaure ba a juya ba. Ranar Juma'a na riga kowa dawowa daga masallaci da tef ɗin awo a aljihu, na ja huhu ɗaya. Ganye ne zalla a ciki.

Udoka na tarar. Udoka makaniken motocin Kawu, wanda ya fara riƙe mini hannu a kan kamfas ɗin zane, wanda aka ce mana ya tafi Gabas tun bara. Yana zaune ya naɗe ƙafa, ya yi fari kamar rogo. Da ya gan ni da tef sai ya yi dariya ba sauti, ya tambaye ni ko har yanzu ina tauna gindin fensir kamar akuya.

Fushina bai tafi ba, ƙaruwa ya yi. Me ya hana Kawu ya kira ni gefe ya gaya mini? Na isa in yi masa lodin mota, ban isa in riƙe magana ba? Da ya faɗa, da ban kai hoton ɗakin nan gaban mutum goma sha ba, cikinsu har da wanda wansa ɗan sintiri ne. Na tare shi a zaure na faɗa masa haka. Bai ɗago daga carbinsa ba, ya ce to yanzu na sani, sai in yi abin da na ga dama da fensirina.

Na sake zanen. Na goge ɗakin, na faɗaɗa madafa ta cinye wurin.

Naka, Shu'aibu


Sabo, Ibadan
Disamba, 1967

Yaya Uwaisu,

Ina gaisuwa, ina fatan kun yi girbi lafiya. Wannan ma Haladu ne zai kawo. Ka tambayi jarrabawa, to ga yadda ta ƙare.

Oga Ladejo ba ya mantuwa. Yana buɗe zanena ya ɗora yatsa a madafa, ya tambayi ina ɗakin da ya yaba. Ya ce ko na farko ƙarya ne ko wannan, kuma gobe zai zo Sabo da tef ɗinsa mu auna tare. Na ce gidanmu ba a shiga, akwai iyali. Maganar Kawu da na yi ta tsine wa, ita ce ta fito daga bakina. Ya ce to in faɗa masa gaskiya a nan.

Na ce babu ɗaki, bai taɓa kasancewa ba, ni na ƙirƙira don zanen ya yi kyau a yaba mini.

Yaya, da zagina ya yi da ya fi. Ya cire tabarau, ya ce wanda ya yi kuskuren awo ana koya masa, amma wanda ya ja layin abin da babu, wata rana gini zai rufta kan mutane saboda shi. 'Yan aji suka ɗauki olodo, olodo, wato daƙiƙi da Yarbanci, har bakin titi. Aikin ya tafi ga ɗan ajinmu Bamidele, wanda layinsa ke tafiya kamar tsutsa a laka. Da ƙyar Oga ya yarda in maimaita shekara, a bencin baya, kuma duk abin da na auna sai wani ya bi bayana. Wannan ya fi komai ci mini rai. Kullum ina ganinsa, ina da amsa a baki, ina haɗiyewa.

Udoka ya fita. Haladu ya kai shi iyakar Dahome da babbar riga da hula, cikin 'yan lodi. Kawu bai ce mini sannu ba, kuma ban yafe masa ba tukuna. Na dai tarar da sabuwar takardar zane a kan tabarmata, a naɗe da igiyar huhu.

Jiya na shiga ɗakin na auna shi da kyau, tun da wancan karon ƙiyasi na yi. Tsawonsa ƙafa biyar da inci huɗu. Ka san Udoka ya fi ni tsawo. Wata da watanni mutumin nan bai miƙe ƙafarsa ba.

Na zana ɗakin a sabuwar takardar, da layi mai kauri. Ranar da yaƙin nan ya ƙare, Oga Ladejo zai fara gani.

Ka gaishe da Lailatu da yara. Allah ya sada mu da alheri.
Ƙaninka, Shu'aibu