Ɗingishin Ranar Asabar

Glenys tawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya 'yarmu Kerryn da jaririn? Ni ƙalau nake, sai dai na ƙona ƙaramar tukunyarki, kada ki tambaye ni yadda aka yi.

Labarin abokina Neville ne babu daɗi. Likita ya ce huhunsa ba zai ƙara jure sanyin dutsen nan ba, ɗansa zai zo ya tafi da shi bakin teku a ƙarshen wata. Ranar Asabar mun fita wasan ƙwallon golf kamar kullum, amma ko rabin tudun da ramin ƙwallo na ƙarshe yake bai hau ba ya jingina da itacen turare yana haki. Kin san shi ya sare dajin wurin da hannunsa muna samari. Na ce a ɗora shi a amalanken tarakta. Wai! Kamar na zage shi. "Ni buhun dankali ne? Ranar da ka ga an ja ni a filin nan, gawata ce." Haka muka juyo bai ga ramin ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Asabar ɗaya ta rage masa.

Naki,
Lindsay

Glenys tawa,

Ina gaishe ku duka. Na ji daɗin jin yaron yana ƙiba.

Jiya Asabar, ranar golf ɗinmu ta ƙarshe, na tashi da ciwon gwiwa. Kwantar da hankalinki, lafiyarta lau. Tun ramin farko nake ɗingishi ina nishi, da muka kai gindin tudun na zube a ciyawa na ce ni kam na gaza. Shirley mai yankan ciyawa, wadda muka ƙulla abin da ita, ta iso da tarakta. Neville ya yi ta dariya har da tari. "Ragon banza! Na girme ka fa!" Na hau, na ce amalanken nan kifewa yake idan nauyin gefe ɗaya ne. Ya harare ni, ya ce, "Matsa. Don Glenys zan hau, ba don kai ba."

Mun tarar hazo ya yaye a sama, dajin duka a ƙarƙashinmu. Ya yi ta fama kafin ƙwallon ta faɗa ramin, ba wanda ya ƙirga bugun. Ya cire hula ya daɗe a tsaye, muka ƙyale shi.

Muna gangarowa ya ce a hankali, "Lindsay, da safe ƙafar hagu kake ja, yanzu ta dama. Ko ƙarya ba ka iya ba." Sai ya riƙe mini wuyan hannu, bai saki ba har ƙasa. Na kasa kallonsa, Glenys, kuka ne ya zo mini.

Ki dawo da wuri don Allah. Ban san yadda zan yi da Asabar mai zuwa ba.

Mijinki,
Lindsay