Tsutsar da Ta Rasa Masauki

Gwale, Kano
3 ga Yuni, 1956

Zuwa ga matata Turai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da su Baba da Inna. Yau kwana ashirin da yajinki, gidan nan ya yi mini faɗi.

Likitocin da nake yi wa tafinta sun gama bincikensu. Ashe kurkunu daga ruwan kududdufi yake, wani ɗan ƙwaro ke ɗauke da shi, in an tace ruwan da ƙyalle shi ke nan. Suka ba ni takarda shafi goma sha biyu in bayyana wa jama'a. Na karanta a ƙofar mai unguwa, kafin shafi na uku Malam Tanko ya fara minshari, alhali da ɗingishin kurkunun ya zo. Da dabara ta ƙare sai na ari salonki, na buɗe baki na ce ga ta nan ga ta nanku, ana dab da azahar. Dattawa suka kaɗe riguna suka watse, wai ƙato da gemu yana tatsuniya da rana tsaka. Ga shi kuma masu tace ruwan mata ne, ni kuwa iyakata zaure.

Turai, ranar da na ce wa abokaina tatsuniyarki aikin jahilai ce, na san kina ji daga tsakar gida. Na cuce ki. Ina kewarki ƙwarai, har abinci ba ya shiga. Ki yafe mini, ki dawo.

Naki,
Isyaku

Sheshe, Kano
6 ga Yuni, 1956

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gajiyar karatun shafi goma sha biyu? Gwaggo Hajo ta kawo takardarka, ni jahilar na karanta da kaina, na yi dariya har na ƙware, daga baya na yi kuka.

Na shirya labarin wata tsutsa da ta rasa masauki, ta roƙi ƙwaro ya goya ta zuwa randa, ƙyallen wata tsohuwa ya tare musu hanya. Na ba matan gidanmu labarin shekaranjiya bayan magariba. Jiya ƙanwata Dije ta yaga tsohon mayafinta ta ɗaure a bakin tulu, maƙwabta ma sun aiko a maimaita musu.

Matan Gwale kuwa sai su jira, don ba a biko da takarda. Ka turo Kawu Maharazu wurin Baba ranar Juma'a, kai ma ka biyo shi. Kada ka gaya wa kowa, amma tun jiya na ɗaure kayana.

Taka,
Turai