Ina Mabiyiyar Jikana?

Zuwa ga Shugaban Sashen Binciken Jini na asibitin da surukata ta haihu,

Assalamu alaikum. Likita, ina gaisuwa, ina yi maku sannu da ɗawainiyar jama'a. Ni mutuniyar Ruwan Godiya ce, karatuna na allo ne, ban kuma saba ɗaga murya ba.

Na farko. A watan Sha'aban da ya wuce haihuwa ta zo wa surukata da gardama, muka kawo ta wurinku, Allah ya sauke ta lafiya. Na tsaya bakin ƙofa da tsumma mai tsabta don in karɓi mabiyiya. Mu a al'adarmu wanke ta muke yi, mu binne bayan ɗakin uwa. Sai wata nas ta ce an wuce da ita ɗakin bincike. Ba wanda ya tambayi mai jego, balle ni.

Na biyu. Ɗiyata Bilkisu ta karanta kimiyya, kun kuma ba ta gurbin aiki a wannan sashe naku. Ita ta fahimtar da ni cewa a jinin cibiya akwai wasu ƙwayoyi kamar iri, masu iya tsirar da sabon jini a jikin mai sikila. Sikila ce ta ɗauke mani ɗana Sani. Tun da na ji wannan magana, sai ina cikin ɓarar gyaɗa in riƙa ganinsa ya girma, ya dawo daga gona ruwan damina ya jiƙe shi sharkaf, yana dariya, ba ciwon ƙashi, ba mai rugawa ya lulluɓe shi. Nakan ga yaran ƙauyen 'Yargoje masu wannan ciwo ma haka, suna ta wanka a rafi. Sai kiran salla ke dawo da ni.

Na uku. Ɗan Adam abin girmamawa ne, har abin da ya biyo shi duniya. Da an tambaye mu, da na je wurin malaminmu neman fatawa, ƙila ma da hannuna zan miƙa maku. Yanzu Bilkisu tana jiran in sa mata albarka ta kama aikin, ni kuwa bakina ya yi nauyi. Ina tsoron gobe ta zama ita ce mai sallamar wata kaka hannu rabbana.

Roƙona: ku faɗa mana inda mabiyiyar take, in da saura ku ba mu mu binne. Ku riƙa neman yardar iyaye, da Hausa, tun kafin naƙuda. In kun amsa, ni da kaina zan rako Bilkisu har ƙofarku. Kayanta suna nan a ɗaure. Ban ce ta tafi ba, ban ce ta kwance ba.

Allah ya yi maku jagora, ya sa waraka a hannunku.

Wassalam.
Hajiya Rabi, Ruwan Godiya