Duwatsun Albano

Yaya Gracinda,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau a Geneva, sai hannuna da ruwan wanki ya tsattsage, amma da sauƙi.

Kin ce mijinki zai kwashe duwatsun da marigayi Albano ya tara a gonarmu. A shekarar da annoba ta ƙarar da zomayen daji ne ya yi musu wannan maɓoya, maƙwabta na tsokanarsa, "Albano, matattu kake gina wa gida?" Bai ga dawowarsu ba.

Amma kin rubuta cewa kin ga ɗanyen kashin zomo a wurin. Har kuka na yi.

Don Allah ki roƙi mijinki ya kewaye duwatsun da garmarsa. Ina tafe lokacin tsinkar zaitun, in gan su da idona.

Ƙanwarki,
Deolinda